AMBALIYA: MUN BAR JAKI MUNA DUKAN TAIKI

Na san da yawanku ci gaban labari kuka zo nema, to ku yi haƙuri ku ba ni aron wannan makon. Akwai maganar da ta tsaya mini a maƙogwaro tun daminar bara, in ban amayar da ita ba, ba na jin alƙalamina zai koma kan soyayya lafiya.

Bari in fara da tona wa kaina asiri. A littafina na uku, wanda na rubuta ina goyon fari, ina son jarumar ta zama marainiya kafin a kai shafi na 20, domin ta faɗa hannun matar kawunta a fara gana mata azaba. Haɗarin mota kuwa an gaji da shi, kusan kowane marubuci a lokacin ya kashe iyayen jarumarsa a hanyar Zariya. Sai na ce bari ni in kawo ambaliya. Cikin layi biyar na saukar da ruwa, na rushe gida, na tafi da uwa da uba, na bar yarinya maƙale a reshen tsamiya tana ihu. Ban tsaya na tambayi kaina daga ina ruwan ya taho ba, ko me ya sa ya iso gaba ɗaya a dare ɗaya. Ruwa ne kawai, ƙaddara ce, an wuce wurin. Mata suka yi ta kuka, littafi ya ƙare a kasuwa, aka sake bugawa. Yau in na tuna layukan nan biyar kunya nake ji, domin ni ce bai kamata in rubuta su haka ba, ni da na tashi a bakin korama.

Ni haifaffiyar kudancin Kano ce, can ƙasar Doguwa, inda shimfiɗaɗɗiyar ƙasa take ƙarewa duwatsu su fara tashi, wajen Riruwai. Daga irin waɗannan tuddai ne ƙananan koramu suke gangarowa su haɗu su zama Kogin Kano, ya bi ta dajin Falgore ya zuba a Tiga. Ƙauyenmu yana gindin dutse, koramarmu kuma ba ta da wani suna a taswira. Amma da ina yarinya korama ce mai rai. Ba miƙaƙƙiya ba ce, tafiyar maciji take yi, ta karkata nan ta lanƙwasa can. Gaɓarta cike take da kanya da baure da ɗinya da malmo da giyayya, ga gora ga jema, har in ka shiga da tsakar rana sai ka ji sanyi kamar an buɗe randa. In bishiya ta tsufa ta faɗa ciki ba mai cire ta, sai ganye da ƙirare su taru a jikinta, ruwa ya yi kwarmi a bayanta. A irin wannan kwarmi yayyena suke kama tarwaɗa da karfasa har cikin watan azumin da ya faɗo a bazara. Akwai kaguwa, akwai guza, akwai zalɓen da muke tsokana. In an yi ruwa da daddare, korama ba ta cika sai washegari da hantsi, ta yi kwana uku ko huɗu tana janyewa a hankali, ta bar laka mai kyau a fadamar Kawu.

Bara da aka yi rasuwa na je gida na kwana tara, na ce wa wata ƙanwata ta raka ni in ga koramar. Wallahi da ba don dutsen da muke shanya wanki a kansa ba, da na rantse ɓata muka yi. Babu bishiya ko ɗaya a gaɓa sai kututture. Wurin da nake tsallakewa da tulu a kai ya zama kwazazzabo, zurfinsa ya fi tsayin ɗaki, gefensa a tsaye kamar an yanka da wuƙa. Ƙasan kuma fayau, an kwashe yashin har an tarar da dutse, ga sawun tayar tifa. Kawu ya ce mini yanzu in hadari ya zubar a kan dutse, kafin mace ta gama tuƙa tuwo ruwan ya iso gari, ja wur, yana ƙugi, kafin asuba kuma ya wuce kamar ba a yi ba. A daminar 2022 ya cinye masa fiye da rabin fadama, ya tafi da kwalbatin da ke haɗa su da kasuwa, ya kwantar da gidaje shida a unguwar gangare. Wata uku bayan ɗaukewar ruwa kuma rijiyoyin unguwar suka ƙafe. Garin da ruwa ya ci da damina, shi ne mata ke tafiyar awa guda neman na sha da rani.

Na ce, "Kawu, ruwan sama ne ya ƙaru haka?"

Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya ƙaru ta wani fannin, 'yar nan, yanzu saukar kwarya yake yi. Amma ko a zamanin babanki ana yin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Abin da ya canza, da yana tarar da abin da zai riƙe shi. Yanzu ba ya tarar da kowa a gida."

Wannan maganar ta Kawu ita ce duk abin da nake son faɗa a wannan rubutu, sauran duk ƙarin bayani ne. Ambaliyar da ke cin gari a kwari, a tudu ake haɗa ta. Mu kuwa duk shekara a kwari muke taruwa. A jera buhunan yashi, a yashe magudana, a kai wa mutane tabarma da buhun shinkafa a makarantar firamare, a ɗauki hoto, manya su yi jaje, a watse sai baɗi. A 2022 sama da mutum 600 ambaliya ta kashe a Nijeriya, kuma mutanen Ringim da Auyo da Haɗeja ba sai an ba su labari ba. Ban raina taimako ba, wanda ɗakinsa ya faɗi tabarma ma dukiya ce a wurinsa. Amma dai mun bar jaki muna dukan taiki.

Duk wadda ta taɓa zama a ɗakin ciyawa sannan ta koma na kwano ta san abin da nake nufi. Rufin ciyawa shanye ruwa yake ya riƙa ɗigo a hankali, har bayan an ɗauke yana ɗiga. Kwano kuwa ɗigon da ya sauka a take yake gangarowa, kafin ki ɗauko bokiti tsakar gida ta cika. Tudu mai bishiya da ciyawa rufin ciyawa ne. Ganye ya tare ruwan, saiwa ta buɗa masa hanya ya nutse, abin da ya nutse shi ne yake tsattsafowa a korama da rijiya da rani. Tudun da aka aske kwano ne. Sannan ga maganar lokaci, wadda ni a da ban taɓa tunaninta ba. Kogi kamar zauren gidan biki ne. In 'yan biki suka riƙa zuwa rukuni-rukuni, mutum 500 za su shiga su fita ba a taka kowa ba. In suka iso gaba ɗaya, mutum 100 ma sai an karya ƙofa. Koramu goma da suke kawo ruwansu a sa'o'i daban-daban kogi zai ɗauke su. In duk aka miƙe su, aka share su, suka iso tare, dole ya yi amai.

Da na dawo Kano ina ta wannan mita, sai ɗana na fari, wanda ba zan kama sunansa ba, da yake karatun ilimin ƙasa a jami'a, ya ce, "Umma, ai abin da Kawu ya faɗa miki shi ake koya mana, har akwai garin da aka gwada." Ya buɗe waya ya nuna mini hotuna, ya yi ta fassara mini har dare ya raba. Ga abin da na riƙe.

A arewacin Ingila, yankin Yokshaya, akwai wani ɗan gari mai suna Pikarin, mutanensa kimanin 7,000. Wani rafi ne ya gangaro daga tuddai ta matsatsin kwari ya ratsa tsakiyar garin. Ruwa ya ci su a 1999 da 2000 da 2002, sannan a 2007 ya yi musu mai gaba ɗaya, asarar da aka ƙiyasta ta kai fam miliyan 7. Maganin da aka fara kawowa shi ne katangar kankare a cikin gari, ta kusan fam miliyan 20. Da aka buga lissafi sai aka ce gidajen da za a kare ba su kai a kashe wannan kuɗi ba. Wato dai a fakaice an ce musu kowa tasa ta fisshe shi. Jama'a, ashe ba mu kaɗai ake yi wa haka ba.

Sai wasu mutanen garin suka zauna da malaman jami'a, aka haɗa abin da tsofaffi suka sani game da rafin da abin da na'ura ta lissafa, aka yanke shawarar a bar cikin gari a haura tudu. A 2009 aka fara aikin, sunan da suka sa masa ma'anarsa rage wa ruwa gudu. Me suka yi? Suka gitta gungumen itatuwa a ƙananan rafuka har wuri 167, ba datsewa ɗungurungum ba, an bar ƙasa a buɗe yadda ruwan yau da kullum da kifi za su wuce, sai in rafi ya kumbura ne itacen zai tare shi ya fantsama gefe cikin daji. Suka toshe lambatun da aka taɓa haƙawa a saman tudu da dammunan ciyawa 187. Suka daina ƙona ciyawa a bakin rafi. Suka dasa bishiyoyi a fili mai faɗin hekta 44. Sannan a sama da gari suka yi wata ganuwar ƙasa da za ta iya tsare ruwa kubik mita 120,000 na ɗan lokaci ta riƙa sakinsa kaɗan-kaɗan. Na sa yaron ya mayar mini da shi lissafin da zan gane, ya ce kamar tankar mai ce irin mai cin lita 33,000, guda 3,600 da ɗoriya.

A ƙarshen Disambar 2015 aka yi ruwa mai yawa a arewacin Ingila, birnin Yok da ke kusa da su ya sha ruwa, Pikarin kuwa rafi bai haura gaɓa ba. Da masana suka auna sai suka ce aikin ya rage tsayin tashin ruwan da kashi 15 zuwa 20 cikin 100, kusan rabi daga itatuwan da aka gitta da sauran aikin tudu, rabi daga ganuwar. Garin da a da ake sa ran ruwa zai ci shi sau ɗaya a shekara 4, ya koma sau ɗaya a shekara 25.

Abin da ya fi taɓa ni a hotunan ba lissafin ba ne. Bayan kowane gungume kwarmi na gani, da ganye ya taru, da inuwa. Koramarmu ce sak ta shekarun da nake ɗaukar tulu. Abin da mu muka samu kyauta muka sare muka yi gawayi da shi, shi ne Bature yake biyan ma'aikata su mayar. Har wata dabba suka dawo da ita a 2019 a wani daji da ke kusa, suna ce mata biba, kamar ƙatuwar gafiya mai faffaɗar jela, wadda mafarauta suka ƙarar a ƙasar tun ɗaruruwan shekaru. Aikinta ta sare bishiya da haƙori ta datse rafi ta yi tafki. Suka sake ta a killataccen wuri ta ci gaba da aikin ba albashi, kwaɗi da tsuntsayen ruwa suka yawaita. A nan na gane cewa gyaran mazaunin kifi da tsuntsu da kare gidan mutum ba aiki biyu ba ne. Kwarmin da tarwaɗa za ta yi rani a cikinsa, shi ne dai kwarmin da ya jinkirta ruwan da zai rushe ɗakin Kawu.

Na san abin da wani zai ce, domin maigidana ma ya faɗa: wannan Turai ce, ruwansu yayyafi ne, ƙasarsu ba ta bushewa, kuma suna da kuɗi. Gaskiya ne ruwanmu ya fi nasu faɗa, kuma itacen da ka gitta a koramarmu in gara ba ta ci shi ba, wani zai ɗauke ya dafa abinci kafin sati. To amma ba sai mun je Turai ba. A Jamhuriyar Nijar, jihar Tawa, ƙasar Adar, akwai garin Keita, Hausa suke ji kamar mu, ƙasarsu tuddai ce da koramu masu cin gona, kuma ta fi tamu bushewa nesa ba kusa ba. A 1984, shekarar fari da yunwa, aka fara wani aiki a can da kuɗin ƙasar Italiya da hannun hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Su ba da itace suka yi ba, da dutse suka yi, abin da suke da shi. Aka haƙa ramuka a jikin tuddai don su kama ruwa, aka jera duwatsu a gicciye a gonaki, aka ɗura duwatsu cikin ragar waya aka gitta a koramu, aka dasa miliyoyin bishiyoyi. Kuma ku ji wannan, 'yan uwana mata: yawancin masu ɗaukar dutsen mata ne, domin maza sun tafi ci-rani, ana biyansu da abinci. Filayen da suka zama faƙo suka koma ba da gero. Rabin-wata da tassa da manoman Nijar suke haƙawa a gona duk dabara ɗaya ce, a sa ruwa ya tsaya inda ya sauka. In mutanen Adar sun iya, ban ga abin da zai hana mutanen Doguwa da Tudun Wada ba, mu da dutse ya yi mana yawa har muna kuka da shi.

Kada a fahimce ni a baibai. Ban ce a rushe madatsun ruwa ba. Tiga da aka gama a 1974 zamanin Audu Baƙo ita ke shayar da noman rani na Kadawa da Kura, tumatirin miyata ma daga can yake. Kuma su kansu mutanen Pikarin an gaya musu ƙarara cewa in ruwa irin na 2007 ya dawo, aikin nan ba zai tare shi duka ba. Gungume da jeren dutse maganin ruwan da ake yi kusan kowace shekara ne, ba maganin ɗufana ba. In an yi su da ganganci ma, ruwa zai kwashe su ya je ya toshe kwalbati, a samu ɓarnar da ta fi ta da. Amma shi ma kankare ba ma'asumi ba ne. Bagauda ta ɓalle a 1988, Alau ta ɓalle a Satumbar 2024 ta mayar da rabin Maiduguri tafki. Sannan jar ƙasar da ke zaizayewa daga kwazazzabon ƙauyenmu ina kuke tsammanin take zuwa? Gangarawa take ta kwanta a gindin madatsa, kowace shekara cikin madatsar yana ƙara cikewa da laka, wurin ajiye ruwa yana raguwa. Wanda ke son Tiga ta daɗe, dole ya so a gyara tuddan da ke samanta.

Inda gizo ke saƙa shi ne, wa zai biya? Domin in an ce a bar taku ashirin a kowace gaɓa ba noma, gonar wani ce aka ce ya bari, kuma nan ne mafi albarka a gonar. Shi zai yi asara, wanda zai amfana yana can gangare, wataƙila ma a wata ƙaramar hukumar ko wata jihar, bai san da zamansa ba. Saurayin da ke loda tifa da shebur ba mugu ba ne, kuɗin sadaki yake tarawa, yashin kuma a ginin gidajenmu na birni yake ƙarewa. Mai sare kanya ya yi gawayi ma ba zan zage shi ba, domin tun da gas ya yi tsada, buhun gawayi ne a bayan ƙofar kicin ɗina. Ina rubuta wannan ina kallonsa. Wa ya sani ko baurenmu ne a ciki? Ga makiyayi da ke buƙatar mashaya, in aka killace gaɓa ba a bar masa hanya ba an tono wata rigimar da ta fi ambaliya. Saboda haka ni ban yarda da mai zuwa da lasifika ya ce wa talakan ƙauye ya daina kaza ya daina kaza ba, alhali bai kawo masa madadi ba. In kuɗin da ake kashewa a shinkafar jaje da tabarma za a ɗebi kaɗan a biya mutanen tudu ladan jera dutse da rani, lokacin da ba su da aikin yi sai tafiya birni tura baro, a biya mai gona hayar gaɓar da ya bari, a tsayar da wuraren da aka yarda a ɗebi yashi da waɗanda aka hana, da an ga canji. Kuɗin ma ba wai babu ba ne. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da bai wa Nijeriya bashin dala miliyan 700 don gyaran ƙasa da magudanan ruwa a jihohin Arewa 19 da Abuja. Bashi ne, 'ya'yanmu za su biya, don haka muna da bakin tambayar nawa ne ya isa kan koramu irin tamu.

Ba kuma sabon abu za a ƙirƙiro mana ba. A da akwai malamin daji, ba ka isa ka sare ɗorawa ko kaɗanya ba izini ba. Akwai sarkin ruwa da ke cewa kwarmi kaza ba a su a cikinsa sai ranar da aka sa. Dagaci ya san iyakar kowace fadama. Ba na cewa zamanin ba zalunci, Kawu yana da labarin tarar da aka ci babansu kan reshe ɗaya. Amma korama tana da mai ita a lokacin.

Da rani da ya wuce, bayan na yi ta damunsa a waya, Kawu ya tara samarin gidanmu da na maƙwabta, na aika musu da ɗan abin da na samu na wani littafi aka yi musu abinci kwana huɗu. Suka jera duwatsu a wuri uku a ƙaramin kwazazzabon da ke bayan gonarsa, ba babbar koramar ba, wannan ta fi ƙarfinmu. Suka dasa jema a bayan kowane jeri. Ruwan farko mai ƙarfi ya kwashe jerin ƙasa gaba ɗaya, ya watsa duwatsun har cikin gonar maƙwabci, sai da aka je ba da haƙuri. Biyun sama suka tsaya. Yashi ya taru a bayansu ya kai gwiwa, kuma ƙanwata ta ce wata biyu bayan ɗaukewar ruwa in ka tona da hannu za ka tarar da danshi, har yara sun fara kai awaki wurin.

Shekaranjiya Kawu ya kira ni. Na ɗauka zai ce a ƙara jeri na huɗu ne. Sai ya ce, "'Yar nan, wani mai tifa ya zo ya ga yashin da ya taru, ya yi mini tayin kuɗi, kuma kin san ban sayi taki ba tukuna. Me zan ce masa?"

Na ce ya ba ni zuwa Juma'a.